Kafin Tuwon Ya Huce

Kambarawa, Katsina
Ranar Lahadi

Zuwa ga ƙanena Salihu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka duka. Ya aiki, ya sauro, ya haƙuri da rashin gida? Allah Ya tsare mana ku a bakin tafkin nan, Ya maido ku lafiya. Mu nan ƙalau muke. Inna tana gaishe ka, gwiwoyin ne dai sai a hankali. Maigidana Malam Idi ma yana gaisuwa. Damina ta zauna sosai, gero har ya fara rufe kaza.

Tunda aka ce inda aka kai ku waya ba ta shiga, sai na koma sana'ata ta da, biro da takarda. Direban da ke kai maku kayan abinci ya ce zai riƙa karɓa. Kar ka yi mani dariyar rubutu, soja, hannun tsohuwar malamar firamare ne, ya fara rawa.

Abin da ya sa na zauna rubutun nan ba mai daɗi ba ne. Na so in ɓoye, sai na ga kai Iya Baraka, yayar Inna, ta riƙa a Agege tun kana ƙarami har ka gama makaranta, ka fi ni haƙƙin sani. Salihu, Iya ta daina cin abinci. Ramla autarta ta kira ni tana kuka har ba na jin abin da take faɗi. Likita ya duba ya ce ciki lafiya, maƙogwaro lafiya, tsufa ne ya taɓa tunani. Yanzu ruwa kaɗai take karɓa, sai ɗan koko in an yi ta lallashi. Ramla ta ce zoben hannunta da kansa ya zame ya faɗi.

Ka san inda hankalinta ya koma? Makon aurenta. A ganinta ita amarya ce da aka kawo jiya, kuma gidan mijin nan bayan gidanmu yake, cikin gari, lungu biyu tsakani. Ta manta da Ikko, wato Legas, ta manta da shekarun da ta yi a can, wani lokaci ma Ramla take tambaya ɗiyar wa ce. To ka san al'adar gidanmu: amarya ba ta sa hannu a abincin gidan miji sai an fara aiko mata daga gida, a baƙin akushin nan na Kaka, kuma ƙanwarta ce ke ɗaukowa. Shi take jira. Kullum tana fuskantar ƙofa tana cewa Dije ta kusa zuwa, Innarmu ke nan.

Na kai wa Inna wannan magana. Sai ta gaya mani abin da ban taɓa ji ba. Wai lokacin da aka aurar da Yayarta, ita ce aka sa za ta kai akushin. An yi mata kitso, an ba ta sabon zane, ta kwana tana murna. Da gari ya waye sai aka ce motar goro ta samu, ango ba zai iya jira ba, an riga an ɗauki amarya an kama hanyar kudu. Tuwon yana kan wuta ma. Ashe akushin nan ba a taɓa kai shi ba.

Ba zama muka yi ba. An aika da kuka da daddawa da garin dawa daga Babbar Kasuwa, Ramla ta tuƙa ta ce daga gida ne. Loma ɗaya Iya ta sa a baki ta fitar, ta ce wannan ba hannun gidansu ba ne, kar a raina mata hankali. Sai Inna ta yi dambu da hannunta, aka ba direba. Motar ta kwana a hanya, ta sake kwana. Da aka miƙa wa Iya kwanon, ko buɗewa ba ta yi ba. Tafin hannunta ta sa a ƙasansa, ta ji sanyi, sai ta juya fuska bango. Ta ce gida ga shi nan kusa, in har abinci ya zo a huce, to da gangan aka bar shi ya huce, fushi ake da ita. Tun ranar take tambaya laifin me ta yi wa Dije. Wallahi Salihu wannan kalma ta hana ni sakat.

Na ce da Inna ta daure a kai ta. Ka dai san zuwanta na ƙarshe a mota, wata guda ta yi a kwance. Na ce to jirgi. Ta harare ni ta ce nisa nisa ne ko ta sama ko ta ƙasa, ita ba za ta rataye tsakanin sama da ƙasa da tsufanta ba.

Maganar jirgi, ina cikin rubutun nan ɗaya ya wuce ta kan rufinmu, kajina suka watse, har mai kwanci ta tashi daga kan ƙwai. Tun da muka tare a unguwar nan nake masifa da su. Malam Idi yana alwala ya ce in rage faɗa, mutanen da ke ciki a Legas za su yi azahar. Na ce mashi ya ji tsoron Allah, hantsi fa ya riga ya ɗaga. Ya rantse. Ni dai ban yarda ba, amma maganar ta tsaya mani a rai.

Ka sa Iya a addu'a. Ka ci abinci, ka riƙa shiga gidan sauro.

Yayarka,
Jummai

*

Kambarawa, Katsina
Ranar Alhamis

Ƙanena Salihu,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Ina fata kana lafiya, ya jama'arka, ya ruwan sama a wajenku? Allah Ya ƙara tsarewa. Inna da Malam Idi suna gaishe ka. Jikin Iya yana nan yadda na gaya maka, sai ma ɗan abin da ya ƙaru.

Riƙe bakinka kar ka yi dariya. Ni Jummai, mai zagin jirgi safe da yamma, ni ce zan shiga jirgi da tuwo.

Bayan takardar da na aika maka na kira Ramla na tambaye ta ko gaskiya ne maganar Malam Idi. Ta ce gaskiya ne, awa ɗaya da 'yan kai ne daga filin jirginmu zuwa na Ikeja, kuma daga can zuwa Agege ba nisa. Na ce to in haka ne tuwo zai iya zuwa da ɗuminsa? Sai na ji ta fashe da kuka. Kafin la'asar mijinta ya yanki tikiti. Allah Ya saka wa bawan Allahn nan.

Inna da ta ji, sai ta sa aka sauko da akushin daga saman randa. Ta wanke shi, ta shafe shi da man shanu har ya yi ƙyalli. Ta ce ba za a sa tuwon Yayarta a roba ba. Muka samo kula mai faɗi, muka shimfiɗa tsohon bargo a ciki, akushin ya zauna daram, faifai a kansa. Miya kuma a ƙaramin filas.

Ni kuwa na yi shirin tafiya irin wadda na sani. Na bi maƙwabta gida gida na nemi gafara. Na soya kaza, na ƙulla ƙuli-ƙuli da dabino, na ɗauki buta da maganin ciwon baya. Har liman na aika a tambayo mani hukuncin ƙasaru. Malam Idi yana kallona yana murmushi, na ce ya ci gaba, shi da ko Abuja bai taɓa zuwa ta sama ba.

Jiya Laraba aka sa mana. Inna ta tashi da wuri a gidan cikin gari ta tuƙa tuwon dawa, ta kaɗa miyar kuka da ƙashi da man shanu, ƙamshin har zaure. Muka isa filin jirgi tun kafin lokaci, aka ba ni ɗan katin shiga, na zauna da kula a cinya. Sai hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Aka ce jirgin da zai ɗauke mu bai ma taso daga can ba, a jira. Salihu, ban taɓa sanin jira yana da ciwo haka ba. Ina zaune ina zura hannu ƙarƙashin bargo ina taɓa gindin akushin. Da farko ba ya taɓuwa. Can ya koma ɗumi. Can ya koma kamar jikin mutum. Da aka zo aka ce a yi haƙuri sai jibi, ya riga ya yi sanyi ƙalau. Na fito ina hawaye a gaban mutane, ban ji kunya ba. Tuwon muka ba masu gadin bakin ƙofa sadaka.

Na tarar da Inna a tsakar gida tana jiran labari. Da ta ga akushin wayam a hannuna ta gane. Ta ce wannan karo na biyu ke nan.

Haushi ne ya ba ni dabara. Ina kwance ina tsaki sai na tuna duk garin nan ba wanda ya kai ni sanin zuwan jirgin nan. Ta kan rufina yake bi in zai sauka, kuma na san yakan ɗan jima a ƙasa kafin ya sake tashi, don nakan gama wanke-wanke a tsakani. To me zai sa mu tuƙa tuwo tun jirgi bai zo ba? Ga abin da muka shirya. Yau Malam Idi zai ɗauko Inna ta kwana nan Kambarawa. Gobe ni zan riga tafiya in karɓi kati. Inna za ta yi talge ta bar shi kan wuta kaɗan kaɗan, gari a gefe, muciya a hannu. Ba za ta zuba gari ba sai ta ji jirgin ya wuce ta kanta. Tana kwashewa Malam Idi zai ɗora kula a babur ya same ni a bakin ƙofa.

Inna ta ce ita duk tsawon rayuwarta da kiran salla take auna girki, yau ga shi za ta auna da jirgi. Allah Ya sa mu dace. In takardar nan ta riga labari zuwa, ka yi mana addu'a ko da ta wuce.

Taka,
Yaya Jummai

*

Agege, Legas
Juma'a da yamma

Salihu ƙanena,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya. Ka yafe mani gajeriyar gaisuwa. Dubi saman takardar nan ka ga inda nake. A barandar da ka yi wasa nake zaune. Da safen nan na ba kajina dawa a Kambarawa.

Bari in bi maka shi daki-daki. Gari ya waye da 'yan gizagizai amma ba hadari. Na karɓi kati na fito na tsaya a bakin ƙofa, ido a sama. Da na ji ƙugin nan da na shekara ina zagi, wallahi sai na ji kamar muryar ɗan'uwa. Na ce a raina, Inna zuba gari. Fasinjojin da suka sauka suka fito suka watse, aka fara kiran namu, babu Malam Idi. Aka sake kira. Na riga na gama shirya abin da zan faɗa mashi sai ga shi tafe, kula ɗaure a bayan babur da rawaninsa, kansa ba hula. Ban taɓa ganin malamin nan yana gudu ba sai yau.

A wajen bincike wata ma'aikaciya ta ce in buɗe. Tana ɗaga faifai tururi ya bugi fuskarta, ta ga akushi, ta fara dariya. Na ce mata ɗiyata rufe, zafin nan shi ne saƙon, tsohuwa ce ke jira a Ikko ba ta ci abinci ba. Dariyar ta tsaya. Da hannunta ta mayar da bargon ta cusa gefe-gefe, ta ce in yi sauri, Allah Ya ba ta lafiya.

A ciki suka ce a sa kula a wata ma'ajiya ta sama. Na ce sam. Muka daidaita a kan in tura ta ƙarƙashin kujerar gabana. Sai na tuɓe takalmi na manna ƙafafuna a jikinta, inda murfin bai gama kamawa ba. Da idon sawuna na riƙa jin zafin tun daga nan har muka sauka.

Salihu, kai ka saba, an sha ɗaukar ku. Ni ban san haka abin yake ba. Ya yi gudu, ya yi gudu, sai kawai ƙasa ta sake mu. Na karanta addu'ar hawa har na rasa inda nake. Da na buɗe ido na leƙa, sai ga Kambarawa a ƙasa, rufin kwano jere. Na ga wani siririn hayaƙi yana tashi daga wani tsakar gida, kuma ko za a yanka ni zan ce murhun Inna ne. Jirgin ya karkata, sai ga Katsina gaba ɗayanta, rumfunan Babbar Kasuwa, lungunan cikin gari da nakan yi rabin yini ina ratsawa, duk tafin hannuna zai rufe su. Nan aka haife mu, nan aka binne Baba, nan muka yi duk faɗanmu da shirinmu. Allahu Akbar. Sai na ji na zama ƙanƙanuwa.

Daga nan muka shige cikin gajimare, tagar ta yi fari fat, na ce shi ke nan. Sai muka fito ta samansa. Rana tarwai, sama shuɗiya irin wadda ban taɓa gani ba, gizagizai shimfiɗe a ƙarƙashinmu kamar audugar da aka baza a tabarma. Can gefe na hango hadari yana zuba wa wasu mutane ruwa, walƙiya na wasa a cikinsa, mu kuwa muna bisansa cikin rana. Ashe ranar Laraba da nake kuka a ƙarƙashin baƙin hadari, rana tana nan a sama ba inda ta je. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya yi wannan.

Matuƙin ya yi magana ta lasifika, ya ce tsakanin filin da muka tashi da wanda za mu sauka kilomita ɗari takwas ne da 'yan kai. Ni da na yi shekaru ina nuna wa yara Legas a taswira da tsinken tsintsiya, ban taɓa sanin abin da nake nunawa ba. Ka tuna yadda Inna ke jera garuruwan hanya in ana zancen Ikko, Funtuwa, Tegina, Makwa, Jaba, Ilori, tana yi tana girgiza kai? Na tambayi wani Alhaji da ke kusa da ni yaushe za mu kai Jaba. Ya nuna mani taga. Wani farin zare ne kwance cikin kore, ya ce kogin Kwara ke nan, mun ma wuce. Kogin da Iya ta ce ta rufe ido da mayafi da motar goro za ta hau gadarsa. Na duba ƙafata. Zafi na nan.

Kazar da na soya ko kwance ƙullin ban yi ba. Ƙasarun da na aika tambaya, ko salla ɗaya ba ta riske ni a hanya ba. Ina cikin tunanin ko in ci dabino aka ce a ɗaura bel za mu sauka.

Mijin Ramla yana jira da mota a kunne. Go-sulo ya ɗan riƙe mu, na yi ta salati ina rungume da kula. Ana kiran sallar Juma'a muka shiga layinku. A bakin ƙofar ɗaki na fito da akushin, na ɗora shi a ka yadda ake yi, na yi sallama da ƙarfi na ce daga gida.

Ba zan ɓoye maka ba, ta rame ƙwarai. Da ba don idanun ba da ban gane ta ba. Ta juyo daga bango a hankali. Ba ni ta kalla ba, akushin ta kalla. Ramla ta tallafe ta ta zauna, na durƙusa na miƙa. Ta sa tafin hannu a ƙasansa. Na zuba mata ido. Ta daɗe a haka. Sai ta sa ɗaya hannun ma, ta rungume shi a ƙirji, ta ce da ɗuminsa. Ta faɗa ta sake faɗa. Ta dubi Ramla ta ce ai ta gaya mata, gidansu nan kusa ne.

Ta ɗaga faifai, ɗan tururi ya tashi, kaɗan ne amma duk mun gan shi. Na zuba miya a ƙoƙo. Ta yi bisimilla ta gutsura, ta tauna, ta rufe ido. Ta ce Dije ce, har yanzu ba ta iya kanwa ba, kullum sai ta ɗan zarce. Muna kuka muna dariya. Ta tambaye ni me ya hana Dije zuwa da kanta, na ce ƙafa ke damunta. Ta ce to ba fushi ba ne. Na ce wallahi ba fushi ba ne, Iya, ba a taɓa fushi da ke ba.

Ta ci, Salihu. Ta ci da hannunta, loma bayan loma, daga gefe ɗaya. Da ta kai tsakiya sai ta tsaya, ta ja layi da yatsa, ta tsame hannu. Muka yi ta roƙo ta ƙara, ta ce a'a, babba ba ya cinye akushi, sauran na Dije ne, tun suna yara haka suke yi. Ta mayar da faifai da kanta ta ce in yi maza in kai mata kafin ya huce.

Yanzu tana barci. Kafin ta kwanta ta ce da Ramla tunda gida sun aiko, gobe sai a ba ta na gidan nan ta ɗanɗana. Da sassafe zan juya. Ka gode wa Allah tare da mu.

Yayarka mai ƙaunarka,
Jummai

*

Kambarawa, Katsina
Ranar Litinin

Zuwa ga ƙanena Salihu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kana lafiya, ya aiki, ya abokan zama? Allah Ya sa takardun nan suna isa gare ka a jere, in ba haka ba za ka ce Yayarka ta zautu. Na dawo gida lafiya. Maƙwabtan da na bi na nemi gafara sun gan ni washegari ina shanya, har Hajiya ta gefenmu ta leƙo ta katanga ta ce halan an fasa tafiyar.

Ramla ta kira ɗazu. Iya ta sha kunu jiya, yau ta ci ɗan faten wake. Ba wai ta warke ba ne, har yanzu amarya ce, kuma likita ya ce kar mu sa rai tunanin zai dawo. Amma ta daina juya fuska bango, kuma ta daina tambayar laifin da ta yi.

Sauran tuwon nake so in ba ka labari. Ramla ta ce ai sai a bar shi, Iya ba za ta sani ba. Na ce ni aka aika. Ta sa shi a firij ya kwana. Da asuba ta ɗauke shi ɗungurungum ba ta fasa ba, ta turara shi a madambaci, ta ɗauraye akushin da ruwan zafi, muka mayar da shi yadda yake, muka naɗe. Ɗumame dai, irin wanda muka tashi da shi, sai dai wannan ya hau jirgi.

A dawowa ban ji tsoro ba, kallo na yi ta yi. Legas ta shige cikin hazo, ga ruwan teku ba iyaka, sannan kore, sannan koren ya fara sirkawa da ja, na san mun doshi gida. Da za mu sauka na gane unguwarmu tun daga nesa. Muka bi ta kan rufina ƙasa-ƙasa, na ce Allah Sarki kajina, yau ni ce na watsa ku.

Inna ba ta koma cikin gari ba, tana nan gidana, a tabarma bakin murhu. Ta ce tun da ta ji jirgin ya wuce take ƙirga zuwana. Na ajiye akushin a gabanta. Ta zaci wayam ne, ta jawo shi da hannu ɗaya, sai ta ji nauyi. Ta sa tafin hannu a ƙasansa, daidai yadda Iya ta yi, ko gaya mata ban yi ba. Ta ɗago ta dube ni. Na ce Yayarki ta ce sauran naki ne.

Ta buɗe. Layin da Iya ta ja yana nan a tsakiya, kuma a gefen da ta ci ga sawun yatsunta a jikin tuwon, wuri-wuri, turarawar ba ta shafe su ba. Inna ta daɗe tana kallo. Sai ta ɗora yatsunta a cikin sawun, suka zauna daidai. Ban taɓa ganin Inna tana kuka da sauti ba, ko ranar rasuwar Baba. Malam Idi ya tashi ya fita zaure. Ta ci tana kuka, ta cinye tas, ta suɗe akushin.

Da ta wanke hannu ta sa na zauna na ba ta labarin hanya. Ta tambayi Jaba, na ce zare ce. Ta tambaya ko ana jijjiga, na ce bai kai keken da ke kai ta asibiti ba. Ta tambaya sau nawa aka tsaya, na ce ba a tsaya ba. Ta riƙa juya akushin a cinya. Can ta ce, to in tuwo ya je da ɗuminsa ya dawo da ɗuminsa, ashe duk shekarun nan Yayarta a bayan gida take.

Salihu, ka nemi izini wajen manyanka, ko na kwana kaɗan ne, ka same mu a Agege. An yanka mana tikitin Juma'a mai zuwa, ni da Inna. Jiya Inna ta sa an kira mai kitso, ta kuma aike ni Babbar Kasuwa na sayo mata sabon zane. Ta ce wannan karon ba za ta ba kowa aike ba. Ita aka sa ta kai akushin, ita za ta kai.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarka,
Jummai